Ƙarfen Sabis, Tsohuwar Tasha da Rumfar POS: Gusau na Sake Kama, Ina Masu Hoto?

Ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Jihar Zamfara. Gwamnatin Bello Matawalle ce ta nemi a yi hakan, kwana biyu bayan an kwashe ɗalibai daga wata makarantar sakandare a Ƙaramar Hukumar Maradun, da nufin a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari da ta cinikin kuɗin fansa. Mako biyu aka ce za a yi. Garin Gusau bai sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai da suka kai ƙarshen Nuwamba.

A makonnin nan, wanda ya tsaya a shataletalen Lalan ya ɗaga kai ba zai ga wani sauyi ba. Ƙarafunan sabis suna nan tsaye da fentinsu ja da fari, ba wanda ya kwance musu ko ƙusa ɗaya. A ƙasa ne aka ji jiki. Mai POS ya naɗe lemarsa, domin na'urarsa ba ta motsi sai da layi. Mai sayar da kati ya rasa mai saye. Ɗan kasuwar da ya saba jin farashin masara a Dawanau yana zaune a kan tabarmarsa ya koma jiran direban da zai zo da labari. Aka koma rubuta wasiƙa ana kaiwa tashar mota, a ba direba ko kwandasta ya miƙa a Kaduna ko Sakkwato, abin da yawancin yaran da aka haifa bayan zuwan wayar salula a 2001 ba su taɓa gani ba. Mai larura kuwa, wanda ɗansa ke karatu a wani gari ko mahaifiyarsa ke kwance a asibiti, sai ya biya kuɗin mota ya fita daga jihar, ya yi kira, ya juyo. Ga kasuwannin mako a rufe, ga dokar hana sayar da fetur a jarka.

Duk wanda ya zauna a Zamfara a lokacin yana da labarin da zai bayar. Hoton ne ya yi ƙaranci, alhali kusan kowane aljihu da kyamara a ciki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: abin da ya faru ba ya tsayawa a gaban kyamara. Ta yaya za a ɗauki hoton rashin sabis?

Wani Ba'amurke, John Stanmeyer, ya taɓa amsa irin wannan tambaya. A watan Fabrairun 2013, yana yi wa mujallar National Geographic aiki, ya iske wasu 'yan ci-rani 'yan Afirka da dare a bakin teku a birnin Jibuti, kowa ya ɗaga wayarsa sama yana lalubar sabis mai araha da ke tsallakowa daga Somaliya don ya ji muryar gida. Ba a ganin fuskar kowa sosai. Duhu ne da farin wata, da hannuwa a miƙe, da ɗan hasken gilashin waya. Hoton ya zama gwarzon shekara a gasar World Press Photo ta 2014. Aikin jarida ne ya kai shi wurin, amma abin da ya ɗauko ya wuce labarin ranar, don ya nuna yadda abin da ido ba ya gani ke tara mutane wuri guda, ya tsara musu tsayuwa, har ya ɗaga musu hannu.

Irin wannan shi ake nufi da hoton fasaha. Ba na fasfo ba ne, ba na biki ba ne, ba kuma wanda edita ke jira da yamma don ya cike shafi ba ne. Mai shi yakan zaɓi abin da zai kalla, ya zaɓi lokaci da haske, ya yi ta komawa wurin wata da watanni, har ya fito da abin da mai wucewa kullum bai lura da shi ba. Daga baya a wanke shi da girma a rataye a bango, ko a haɗa shi cikin littafi. A shekarun nan, ɗaya daga cikin abubuwan da masu wannan sana'a suka sa a gaba a duniya shi ne yadda na'ura ke sake wa birane fasali.

Zamfara kuwa hoto iri ɗaya duniya ta san ta da shi. A 2010 gubar dalma ce, wadda ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, kuma hotunan da Marcus Bleasdale ya ɗauka a Bagega domin ƙungiyar Human Rights Watch sun taimaka wajen jawo hankalin duniya. Daga baya sai ɗakin kwanan ɗalibai da aka bari wayam a Jangebe a Fabrairun 2021, sai babura a daji, sai gawarwaki a jere, sai bidiyon da 'yan bindigar da kansu ke sakawa a TikTok. Hotunan 'yan jarida gaskiya ne, kuma dole a ɗauke su. Damuwata ita ce a bayansu akwai garuruwa masu rai da ke sauya kama cikin gaggawa, kuma jikokinmu za su nemi ganin yadda aka yi, su tarar da hoton bindiga kaɗai.

Dogo ne ya fara

Gusau ba yau ta fara ganin na'ura ta juya mata fuska ba. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, shi ya kafa garin a zamanin jihadi, kuma ya daɗe yana garin noma da malanta, rayuwa na zagaye Kanwuri da masallaci da kasuwa. Sai a ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya taso daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe, ya shigo Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Ba don fasinja Turawa suka shimfiɗa shi ba, don auduga da gyaɗa da fatu ne. Amma da jirgi ya fara tsayawa, sai garin ya juya ya fuskanci tasha. Kamfanonin Turawa da Kwarori suka buɗe kantuna, ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu suka cika Sabon Gari, aka kafa gidan gurzar auduga. Nauyin garin ya kai inda a 1938 aka turo Sardauna Ahmadu Bello ya zauna a nan yana kula da gundumomin gabashin Sakkwato. Bayan samun 'yancin kai aka gina masaƙar Zamfara a shekarun 1960, ga matatsar man gyaɗa, ga jiniyar tashi daga aiki da ke sanar da unguwa lokaci. Maƙwabciyarta Bungudu, wadda dogo bai ratsa cikinta ba, rabonta ya zo ta hanyar motar Sakkwato da fadamar kogi.

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Zamfara daga Sakkwato, Gusau ta zama babban birnin jiha. Sai wani sabon gini ya hau kan na da: sakatariya, gidajen ma'aikata, tituna masu hannu biyu, shataletale. Garin ya zama kamar bangon ƙasa da aka yi ta yi wa yaɓe, kowane zamani ya shafa nasa bisa na wancan, kuma inda ya ɓamɓare kana iya hango na ƙasa.

Wuraren da ya ɓamɓare ɗin su ne aikin mai hoto. Jirgi ya daina zuwa, masaƙa ta yi shiru, amma gine-ginen ba su gama tafiya ba. Akwai ƙarfen dogo da ƙasa ta fara binnewa, da manyan sito na kwano, da gidajen ma'aikatan reluwe masu baranda, da tsofaffin kantuna na wajen Kantin Daji. Tsofaffin da suka yi dako a tasha ko suka tsaya a bakin injin saƙa suna raye, amma suna raguwa kowace shekara.

Wasu Jamusawa biyu, Bernd Becher da matarsa Hilla, sun nuna yadda ake irin wannan aiki. Daga 1959 suka shafe kusan shekara hamsin suna bin tankunan ruwa da murahun narka ƙarfe da rumbunan hatsi da hasumiyoyin ramukan kwal a Jamus da Ingila da Faransa da Amurka. Ƙa'idarsu ba ta sauyawa: hoto baƙi da fari, daga gaba sak, ba mutum a ciki, kuma sai ranar da gajimare ya rufe rana don kada inuwa ta ɓata siffa. Sannan su jera tara ko goma sha biyu a bango guda. Tanki ɗaya ba ya cewa komai. Idan aka jera goma sha biyu, sai ka ga kowanne da halinsa, ka ga hannun wanda ya ƙera shi da arzikin garin da ya gina shi. Da yawa daga abin da suka ɗauka an rushe shi daga baya, hotunansu ne suka rage shaida.

Hasken da suke jira makonni kafin su samu, hazon hunturu na ba mu shi kyauta daga Disamba zuwa Fabrairu. Abin jerawa kuwa bai ƙare ba. A ɗauki ruwa kawai. Madatsar Gusau da ke kan kogin Sakkwato, wadda ta ɓalle a ƙarshen Satumban 2006 ta ci rayuka da gidaje, ita ce uwar ruwan famfon garin, amma garin ya fi ƙarfin famfonsa tuntuni. Sai kowa ya nemi mafita: burtsatse a tsakar gida, baƙin tankin roba a kan ƙafafun ƙarfe, kurar 'yan ga-ruwa da jarkoki a jere. Wanda ya bi Tudun Wada da Samaru da Gada Biyu da Damba ya ɗauki tankuna talatin da ƙa'ida ɗaya, ya rubuta tarihin ruwan Gusau ba tare da ya ce uffan ba. A tsayin ƙafar tanki da girmansa ana gane gidan mai hali da na mai neman rufin asiri.

Zauren da ya zama shago

Sauyin da ya fi taɓa ni ba a sama yake ba, a ƙofar gida yake. Zaure shi ne fuskar gidan Bahaushe. A nan baƙo ke sallama ya jira, a nan malam ke ba da karatu, a nan maigida ke cin tuwon dare da maƙwabta. Yau ka bi duk layin da mota ke ratsawa a Gusau, ko babban titin da ya raba Tsafe biyu, ka ƙirga zaurukan da aka fasa wa bango ta waje aka sa musu ƙofar ƙarfe. Wannan na cajin waya ne, wancan na POS, na gaba mai gyaran waya ne da ɗan fitilarsa da ƙarfen narka dalma, na kusa da shi kuma mai tura fina-finai da waƙoƙi da wa'azi a memori. Sana'o'in waya ba sa son fili mai yawa, bakin hanya kawai suke so, zaure kuwa a bakin hanya yake. Ba za a ga laifin maigidan da ya ba da haya ba, abinci ake nema. Sai dai baƙon da ya zo yanzu ba ya tsayawa ya yi sallama sau uku. Daga kan babur zai kira ya ce, “Ina ƙofar gida.”

Shagon caji shi kaɗai ya isa littafi. Katako ne a jingine da bango, an jera masa soket bila adadin, wayoyi na reto, kowace waya an manna mata lamba, mai ita ya tafi da ɗan kati. Wannan shago rashin wuta ne ya haife shi. Zamfara na ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma har yau “an kawo” da “an ɗauke” su ne kalmomin da suka fi yawo a unguwa. Da ƙaramin janareta aka fara. Bayan da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, mai ya yi tsadar da janareta ya zama abin lissafi, sai farantan sola suka fara hawa kan kwano, ɗaya a nan, biyu a can, wani an ɗaure shi da waya, wani an danne shi da bulo. Rufin garin kansa ya sake launi. Har a fadamar Bungudu, inda masu noman rani suka daɗe da injin ban-ruwa mai shan fetur, lissafin mai ya sa ido ya koma kan rana.

Rumfar POS kuwa a farkon 2023 ta nuna matsayinta. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffin suka shige banki, sababbin suka ƙi fitowa. Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai Gwamnatin Tarayya Kotun Ƙoli, kuma ranar 3 ga Maris, 2023, kotun ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi. Ba abin mamaki ba ne a ce jihar ta ji zafin fiye da wasu. Rassan bankuna a Gusau suka taru, mutumin ƙauyen Tsafe ko na Bungudu kuwa bankinsa yaro ne a ƙarƙashin lema da tebur da 'yar na'ura. A watannin nan mai kayan miya da mai kabu-kabu suka koyi cewa “alat bai shigo ba”. Layin mutane a gaban rumfar da ba ta kai girman tabarma biyu ba, wannan ma fasalin gari ne, kuma ya cancanci a tsaya masa da kyamara kamar yadda ake tsaya wa hawan sallah.

Sai ƙarfen sabis kansa. Shekaru aru-aru, abin da matafiyi ke fara hangowa a wannan ƙasa dutse ne, ko kuka, ko rimi, daga baya hasumiyar masallaci. Wanda ya taso daga Tsafe zuwa Gusau Dutsen Kwatarkwashi ne ke tarbarsa. Yanzu kowane gari da ƙarafunan da suka fi itatuwansa tsawo. A gindin kowanne akwai shinge da janareta da tankin gas da mai gadi. Da dare, unguwa na cikin duhu, shi kuwa yana ta ruri da jar fitila a ƙoli, domin wutarsa ba ta jiran kowa. Gidan laka a duhu, ƙarfe a haske a bayansa, tazararsu ba ta fi taku ashirin ba. Wanda ya iya ɗaukar wannan da magariba, lokacin da sama ba ta gama duhu ba, ya faɗi abin da dogon sharhi kan rabon arziki ba zai faɗa ba.

Dare ma ya sake. Majalisar da ake yi a kan dakali da fitilar ƙwai ta koma gindin fitilar sola ta kan titi, mai shayi ya ja teburinsa can, yara na bitar karatu a gefe. Mutum shida a benci ɗaya, kowa fuskarsa da shuɗin hasken wayarsa, hira na tafiya rabi a nan rabi a WhatsApp. Ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka, suna zaune a kangwaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba a gefen Gusau da Tsafe. Da yawansu ba su fito da komai ba sai kayan jikinsu da ƙaramar waya, kuma da ita suke jin ko an samu shiga gona bana.

Rabin wannan labari a cikin gida yake, inda namiji baƙo ba ya shiga. Matar da a da sai ta ɗora wa yarinya talla, yau tana saka hoton atamfa da turaren wuta da cincin a waya, a turo kuɗi ta asusu, ɗan kabu-kabu ya kai kaya. Kasuwa ce sukutum a tsakar gida, ba rumfa, ba haraji. Mace ce kaɗai za ta iya ɗaukar wannan, da yardar masu gida, kuma ba lallai sai fuska ta fito ba. Hannu mai lalle riƙe da waya a kan tulin kaya ya wadatar. Gusau na da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha wadda ɗalibanta mata ne, don haka masu iya wannan aiki ba daga nesa za a nemo su ba.

Abin da ke cikin akwatunan masu situdiyo

Kafin waya, hoto sai an yi wanka an je situdiyo. Duk wanda ya girma a garuruwan nan ya san hoton sallah: labule a baya mai zanen dogon bene ko jirgin sama, furen roba a kan tebur, wayar tarho da ba a haɗa ta da komai ba, yaro ya ɗora hannu a kai yana kallon gaba. Yawancin masu situdiyon farko a Arewa mutanen Kudu ne mazauna Sabon Gari, daga baya 'yan gari suka koya a hannunsu.

Kada a raina waɗannan hotuna. A Bamako, Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da babur Vespa don mai son hoto ya ara ya fito da su. Shi kansa sana'a ya ɗauke ta, ta neman abinci. Amma da yake ya adana nagatif ɗinsa, yau hotunansa na manyan gidajen tarihi na duniya, kuma da su ake karanta yadda mutanen Bamako suka yi marmarin zamani. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé ya karɓi kyautar Zinariyar Zaki a bikin fasaha na birnin Benis a 2007. A Yamai ma Philippe Koudjina ya bar tarihin daren birnin na shekarun 1960 da 1970. Abin da ya raba su da takwarorinsu na Gusau ba basira ba ce kaɗai. Su an adana nasu.

Namu kuwa suna cikin kwali a bayan shago, ko a ƙarƙashin gado, zafi da gara da damina na cin su. Idan mai situdiyo ya rasu, magada kan share ɗaki. A cikin abin da ake zubarwa akwai ma'aikacin masaƙa da sabon kekensa, da amarya kusa da rediyo mai kaset, da titin da yanzu ba a gane shi. Hoton waya ma bai fi su tsawon rai ba, ya ma fi su saurin mutuwa: waya ta faɗa ruwa, ko a sace ta, ko memori ya ƙi buɗewa, shekara biyar ta tafi.

Kyamara a garin da ake zargi

Faɗin a ɗauki hoto ya fi yin sa sauƙi. A Zamfara ta yau, wanda ya tsaya yana auna ƙarfen sabis ko gada ko tasha da kyamara, kafin ya ɗauki na biyu wani ya dafa kafaɗarsa. Kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga labari, ta yi nauyin da za ta iya jawo wa mutum asarar rai, kuma mutanen da aka sha kai wa hari suna da hujjar yin zargi. Hoton sama da ƙaramin jirgi marar matuƙi, wanda masu ɗaukar birane ke ji da shi a wasu ƙasashe, a nan magana ce ta tsaro, a jihar da Gwamnatin Tarayya ta haramta shawagin jirage a samaniyarta a Maris 2021. Akwai kuma masu ƙyamar hoto saboda fahimtarsu ta addini, da masu ganin ba mutunci ba ne a ɗauki mutum cikin talaucinsa. Duk waɗannan abin girmamawa ne.

Shi ya sa nake ganin ɗan gari ne zai iya. Shi ya san a fara da mai unguwa, a gaida dattawan majalisa, a sanar da jami'an tsaro da askarawa, a zauna a sha shayi kwana da kwanaki kafin a fito da kyamara. Shi za a tambaya ɗan gidan wa ne, ya faɗa, a gane. Baƙo na iya zuwa ya ɗauki abin mamaki ya tafi. Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya ɗauki gardawan kura, Hausawa, a gefen Abuja da Legas a 2005 da 2007, hotunan suka zagaya duniya, suna da kyau ƙwarai, amma har yau ana muhawara a kan ko mutanen ya nuna ko abin da Turai ke son gani. Fati Abubakar kuwa 'yar Maiduguri ce. A 2015, lokacin da ba a san garinta da komai ba sai bam, ta fara saka hotunan rayuwar yau da kullum a Instagram da sunan Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu kwalliyar sallah. Rahima Gambo ta yi aiki da ɗalibai mata a garin, ta fito da jerin hotunan da ta kira Tatsuniya. Ba su ɓoye yaƙin ba, sun dai ƙi yarda ya zama shi kaɗai ne fuskar garin. Kayan aiki kuma ba su ne matsala ba. Akinbode Akinbiyi ya shafe shekaru da dama yana taka titunan Legas da Alƙahira da ƙafa, da tsohuwar kyamarar Rolleiflex mai fim, a hankali, ba gaggawa. Wayar da ke hannun ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ta isa a fara da ita.

Lokaci ne ba ya jira. Tun 2023 gwamnatin Dauda Lawal ta shiga aikin sabunta birnin Gusau, ana faɗaɗa tituna da gina magudanan ruwa, daga shataletalen Bello Bara'u zuwa tsohuwar kasuwa, daga Kwanar 'Yan Keke ta fadar sarki zuwa Tankin Ruwa, kuma a 2024 aka ƙaddamar da aikin filin jirgin sama. Gari na bukatar hanya, ba mai jayayya da wannan. Amma duk titin da aka faɗaɗa akwai rumfa da dakali da bishiya da zauren da suka ba shi wuri. Lokacin da aka tashi rushe tsofaffin unguwannin birnin Faris na Faransa a shekarun 1860 don a fitar da manyan tituna, hukumar birnin da kanta ta sa mai hoto, Charles Marville, ya bi lungunan da za a rushe ya ɗauke su tukuna, ya kuma ɗauki sababbin fitilun titi da aka kafa. Masu rusau ɗin ne suka biya shi.

Abin da Marville ya yi bai fi ƙarfin ma'aikatar ayyuka ta jiha ba, kuma kuɗinsa bai kai na kwalbati ɗaya ba. Kafin katafila ta shiga layi, a tura mai hoto ya bi shi gida-gida, daga wuri ɗaya, a tsayi ɗaya, a rubuta sunan unguwa da kwanan wata a kan kowane hoto, bayan an gama aiki ya koma ya tsaya inda ya tsaya da farko. A nemi tsofaffin masu situdiyo na Gusau da Tsafe da Bungudu tun suna raye, a sayi nagatif ɗinsu ko a kwafa da izininsu, su faɗi wane ne a ciki da kuma shekarar. A wanke a takarda, kada a bar su a kwamfuta kaɗai, a ajiye kwafi a jami'ar Gusau, wani a Gidan Arewa da ke Kaduna, wani a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Baje kolin farko kuma ba sai an kai shi bikin LagosPhoto ko na Bamako ba. A fara manna hotunan a bangon tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Gusau, a gayyaci tsofaffin ma'aikatan reluwe da na masaƙa su zo su gyara sunayen da aka rubuta ba daidai ba.